Petra da Wadi Ram ko Al'ula: Ina Ya Fi Dacewa Abokai Su Nufa a Hutun Ƙarshen Mako?

Idan abokai huɗu ko biyar mazauna Saudiyya, wasu ɗalibai a Madina, wasu ma'aikata a Jidda ko Riyad, suka yi shawarar su fita a ƙarshen mako domin su ga kufan mutanen da, su kuma kwana a tanti cikin hamada, maganar takan tsaya ne a kan wurare biyu. Ko dai su tsallaka Jodan su ga Petra su kwana a Wadi Ram, ko kuma su nufi Al'ula da ke arewacin lardin Madina su ga Hijir, wurin da aka fi sani da Mada'inu Salihu. Wanda ya dubi hotunan wuraren biyu zai ce Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, domin al'umma ɗaya ce ta sassaƙa su, wato Nabatawa, Larabawan da suka yi arziki da fataucin lubban da kayan ƙamshi tsakanin kudancin Arebiya da Sham sama da shekara dubu biyu da suka wuce. Petra ce babban birninsu, Hijir kuma birninsu na biyu, tazarar da ke tsakaninsu kimanin kilomita 500. Sai dai tafiye-tafiyen biyu sun sha bamban ta fuskar takardu da lokaci da kuɗi da irin kwanan da za a yi, kuma ɗayansu yana ɗauke da wata tambaya ta addini wadda bai kamata a bar ta sai an isa bakin ƙofa ba.

Abin da ke yanke hukunci tun kafin a kai ga maganar kyan wuri shi ne takarda. Mai igama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, da yake son zuwa Al'ula ba ya bukatar komai sai motarsa ko tikitin jirgi, domin bai fita daga ƙasar ba. Zuwa Jodan kuwa sai ya nemi izinin fita da dawowa, wanda kuɗinsa riyal 200 ne ga fita ɗaya, sannan ya fuskanci maganar bizar Jodan ɗin kanta. A nan ne mutanenmu suka fi yin tuntuɓe, saboda yawancin bayanan da ke intanet Turawa ne suka rubuta wa 'yan'uwansu, su kuwa a filin jirgi ake buga musu biza, alhali ƙa'idar da ake yi wa mai fasfon Najeriya ba irin tasu ba ce. Dole a tabbatar da wannan daga ofishin jakadancin Jodan kafin kowa ya biya kuɗin jirgi. Akwai kuma wani tikiti da ake yawan tallatawa mai suna Jordan Pass, wanda yake farawa daga dinari 70, ya haɗa kuɗin shiga Petra da Wadi Ram, ya kuma ɗauke wa mutum kuɗin biza, amma da sharaɗin zai yi wasu ƙayyadaddun kwanaki a ƙasar. Mai hutun Juma'a da Asabar kawai sai ya duba ko zai cika wannan sharaɗi. Shi kuwa wanda ya zo Umara daga gida yana son ya ƙara da yawon ganin tarihi, tun a 2022 hukumomin Saudiyya suka sanar cewa mai bizar Umara yana iya ziyartar sauran biranen ƙasar, don haka Al'ula tana hannunsa, Jodan kuwa wata tafiya ce daban da za ta bukaci nata shirin.

Sai lokaci. A ƙasashen biyu Juma'a da Asabar ne ranakun hutu, ke nan abin da ake da shi bai wuce daga yammacin Alhamis zuwa daren Asabar ba. Daga Madina zuwa Al'ula tafiyar kilomita ɗari uku da 'yan kai ce a kan hanya mai kyau, awa uku da rabi zuwa huɗu a mota, ta yadda waɗanda suka tashi bayan la'asar ranar Alhamis za su ci abincin dare a can. Garin yana da filin jirgin sama da ke karɓar jirage daga Riyad da Jidda, kuma duk wuraren da ake zuwa gani suna kusa da juna: Hijir tana kilomita 22 arewa da garin, Dadan da Dutsen Ikma da tsohon gari duk suna cikin kwari ɗaya. Jodan ba haka take ba. Bayan an sauka a Amman akwai tafiyar kimanin awa uku zuwa Wadi Musa, garin da ke bakin Petra, daga nan kusan awa biyu zuwa Wadi Ram, sannan kusan awa huɗu a komo filin jirgi. Idan aka haɗa wannan lissafi za a ga cewa mutum zai shafe kusan awa tara a mota cikin kwana biyu, ban da zaman jirgi da jiran tantance fasfo. Ana iya yi, wasu ma sun yi, amma sauri ne irin wanda yake haifar da nawa, kuma wanda ya yi hakan yakan koma aiki ranar Lahadi ƙafafunsa a kumbure. A ganina Jodan tana bukatar a ƙara mata kwana ɗaya ko biyu, sai fa ga mazauna Tabuka da kewaye, waɗanda iyakar ƙasar ba ta yi musu nisa ba kuma za su iya shiga da mota ta kudu.

Idan aka zo ga kufan kansa, Petra ta yi wa Hijir nisa wajen girma da ban mamaki, kuma babu amfanin ɓoye hakan. Ana shigarta ne ta wani matsatsin kwazazzabo da ake kira Sik, mai tsawon fiye da kilomita ɗaya, duwatsu sun tokare sama dama da hagu, a wasu wuraren faɗinsa bai wuce a jera mutum uku zuwa huɗu ba. Mai lura zai ga magudanar ruwa da aka fafe a jikin dutsen tana bin gefen hanya tun daga farko har ƙarshe, domin ƙwarewar Nabatawa wajen tara ruwan sama da sarrafa shi ita ce ta ba su ikon kafa birni a irin wannan wuri. Ana cikin tafiya a inuwa sai bakin kwazazzabon ya ɗan buɗe, a hango wani tsagi na jan dutse da rana ta haska, kafin a yi taku ashirin sai ga Hazna, ginin da ya fi shahara a Petra, tsaye gaba ɗaya, tsayinta ya kusa mita 40, an sassaƙa ta daga sama zuwa ƙasa a jikin dutse guda. A can ƙololuwarta akwai wata tukunyar dutse da ta sha harsasai, domin mutanen wurin a da sun ɗauka Fir'auna ne ya ɓoye dukiyarsa a ciki, suka riƙa harbinta ko za ta fashe zinariya ta zubo, alhali dutse ne zalla. Mutane da yawa a nan suke ɗaukar hoto su juya, su kuwa ba su ga komai ba tukuna, domin bayan Hazna ne birnin yake buɗewa: fuskokin kaburbura fiye da 600, dandalin kallo da aka fafe a dutse, titi mai ginshiƙai na zamanin da Rumawa suka haɗiye daular a shekara ta 106, da kuma Dair, wani katafaren gini da aka sassaƙa a dutse, wanda sai an hau matakala kusan 800 ake isa gare shi. Wanda ya je Dair ya dawo ƙofa ya taka fiye da kilomita goma a ƙasa.

Wannan tafiyar ƙafa ita ce daɗin Petra, ita ce kuma wahalarta. Mutum yana da 'yancin ya bi inda ya ga dama, ya zauna inda ya so, ya hau dutse ya leƙo birnin daga sama, ya wuni babu mai ce masa lokaci ya yi. Amma idan a cikin abokan akwai mai ciwon gwiwa ko mai nauyin jiki, rabin wurin zai gagare shi, ko da yake yanzu akwai ƙananan motoci masu aiki da lantarki da ke kai mutum Hazna idan ya biya. Akwai kuma naci na masu jakuna da raƙuma da masu sayar da tsaraba, yawancinsu 'yan ƙabilar Bidul ne, waɗanda suka zauna a kogunan Petra har zuwa shekarun 1980 lokacin da gwamnati ta mayar da su ƙauyen Ummu Saihun da ke kusa. Za a ce maka hawan doki daga ƙofa yana cikin tikitinka, kuma haka ne, sai dai idan ka sauka mai dokin zai tsaya jiran tukuici mai kauri. Bahaushen da ya saba ciniki a kasuwa ba zai sha wahala a nan ba, muddin ya yanke farashi kafin ya ɗora ƙafa a kan dabba. Kuɗin shiga na yini ɗaya dinari 50 ne ga baƙon da ya kwana a ƙasar, wato kusan dala 70 ko riyal 265, domin dinarin Jodan ya fi dala nauyi.

Hijir ta fi ƙanƙanta, ta kuma fi natsuwa. Manyan kaburburanta 111 ne, 94 daga cikinsu masu ado, an sassaƙa su a jikin curin duwatsu da ke warwatse a fili cikin rairayi, kuma ita ce wuri na farko a Saudiyya da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihin duniya, a 2008, shekara 23 bayan Petra. Ba a shiga da motar kai a yi ta yawo. Ana sayen tikiti tun da wuri ta intanet, a hau motar safa ta hukumar da ke kula da yankin, a zagaya wurare ƙididdigaggu cikin kamar awa biyu tare da mai bayani da suke kira rawi, kuma kuɗin bai kai rabin na Petra ba. Wanda yake son ya ɓace cikin kufai shi kaɗai zai ji an ɗaure shi. Amma Hijir tana da abin da ya yi ƙaranci a kaburburan Petra, wato rubutu. A saman ƙofofin kaburbura da dama akwai allunan da aka zana sunan mai kabarin, da shekarar sarautar sarkin da aka yi aikin a zamaninsa, da waɗanda aka yarda a binne a ciki, da tarar da za a ci duk wanda ya sayar da kabarin ko ya sa baƙuwar gawa, wani lokaci har da sunan masassaƙin. Ga wanda ya tashi da allo da tawada wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin masana sun tabbatar cewa daga rubutun Nabatawa ne haruffan Larabci suka samo asali, su ne kuma muke rubuta ajami da su. Kabarin da ya fi shahara, Ƙasrul Farid, yana tsaye shi kaɗai a cikin dutse guda, tsayinsa kimanin mita 22, ba a kuma ƙarasa shi ba: samansa sumul, ƙasansa kuwa har yanzu da sawun kurfi, abin da ke nuna wa mai kallo da idonsa cewa daga sama suke fara aiki su gangaro. Kusa da wurin akwai tsohuwar tashar jirgin ƙasan Hijaz da Daular Usmaniyya ta shimfiɗa, wanda ya isa Madina a 1908.

Al'ula kuma ba Hijir kaɗai ba ce. Akwai Dadan, birnin da ya girmi zuwan Nabatawa yankin, da kaburburansa masu siffar zakoki, akwai Dutsen Ikma mai ɗaruruwan rubuce-rubuce, akwai tsohon gari mai gidajen ƙasa kusan 900 a cunkushe, wanda mutane suka zauna a ciki har shekarun 1980, kuma duk wanda ya san lungunan tsofaffin biranenmu zai ji kamar ya taɓa bin waɗannan. Ga gonakin dabino da lemo a tsakiyar kwarin, ga Dutsen Giwa inda ake zaman yamma. Kwana biyu suna isa a ga duk wannan ba tare da gudu ba.

Tambayar addinin da na ambata ta shafi Hijir ne. Sunan wurin shi ne sunan sura ta 15 a Alƙur'ani, inda aka ba da labarin mutanen da suke sassaƙa gidaje a duwatsu, suka ƙaryata manzanni, tsawa ta kama su da asuba, kuma malaman tafsiri sun ce Samudawa ne, mutanen Annabi Salihu (AS). Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa lokacin da Manzon Allah (SAW) ya bi ta wurin a hanyar Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, ya hana sahabbai shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba sai dai suna masu kuka, ya sa aka zubar da ruwan da aka ɗebo daga rijiyoyinsu, aka ba raƙuma ƙullun da aka kwaɓa da shi, ban da ruwan rijiyar da taguwa take sha. A kan wannan ne malamai da yawa suka ce shiga domin wa'aztuwa ya halatta, shiga domin shaƙatawa da wasa kuwa bai dace ba. Masu binciken kufai sun nuna cewa kaburburan da ake gani yau na Nabatawa ne, an yi su tsakanin ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa (AS) da ƙarni na ɗaya bayanta, amma wannan bai sauya sunan wurin ba, bai kuma ɗauke hadisin ba. Ba fatawa nake bayarwa ba. Abin da nake cewa shi ne, a cikin abokai biyar da wuya a rasa wanda zuciyarsa ba za ta natsu ba, musamman ɗaliban ilimi, kuma gara a zauna a yi maganar tun a gida, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi, da a je bakin motar safa a fara musu. Wanda ya zaɓi kada ya shiga yana iya tsayawa a garin Al'ula, inda dama a can ake kwana, ya ga Dadan da tsohon gari. A ɓangaren Jodan babu irin wannan nassi a kan Petra, kuma masu ƙarin kwana suna iya ratsewa ta kusa da Karak su ziyarci filin yaƙin Mu'uta da kaburburan Zaidu ɗan Harisa da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib da Abdullahi ɗan Rawaha, Allah Ya ƙara musu yarda.

Maganar kwana a tanti kuwa, a nan ne Jodan ta sake yin gaba, kuma da rata mai yawa. Wadi Ram fili ne na jan rairayi da manyan duwatsu mai faɗin murabba'in kilomita 720, wanda UNESCO ta amince da shi a 2011, kuma Badawiyyan da ke zaune a cikinsa, 'yan ƙabilar Zalabiya a ƙauyen Ram da Zawaida a Disa, su ne da kansu masu sansanonin da masu tuƙa motocin. Ana ajiye motar haya a ƙauye, a hau bayan a-kori-kura da aka shimfiɗa wa katifu, a nausa cikin rairayi. Bayan sallar isha mai masauki zai kira baƙi su fito bayan tanti, a tsaya a kewaye wani tudun yashi da ba a ga alamar komai a kansa ba. Yara biyu za su sa shebur su share yashin, su ɗaga bargo, su ɗaga murfin ƙarfe, sai tururi ya taso da ƙamshi, a jawo wani ƙarfe mai hawa uku daga cikin ramin garwashi, nama da kaji a sama, dankali da albasa da karas a tsakiya, tukunyar shinkafa a ƙasa tana karɓar romon da ke ɗiga. Wannan shi ne zarb, kuma ya shafe sa'o'i a binne. Daga nan sai zaman shayi mai zaƙi a bakin wuta cikin doguwar rumfar gashin awaki, ana hira har dare ya raba, kuma mai jin Larabci zai ci riba biyu, domin da shi za a saki jiki a yi hirar raƙuma da ruwan sama da tsadar rayuwa, ba irin bayanin da aka haddace domin Turawa ba.

Sai dai araha ba ta ado. Sansanonin Wadi Ram sun yi yawa ƙwarai, kuma wata dabara da ta zama ruwan dare ita ce a sa farashin kwana ƙasa-ƙasa a intanet, idan baƙo ya iso tsakiyar hamada inda ba shi da zaɓi sai a caje shi kuɗin ɗauko shi daga ƙauye, da na abinci, da na zagayen mota, har jimillar ta ninka abin da ya yi tsammani. Maganin abin shi ne a nemi jimillar kuɗin komai a rubuce ta WhatsApp kafin a taso. A kuma tambayi takamaiman inda sansanin yake, domin da yawa suna wajen yankin da aka killace, kusa da titi, inda ƙarar janareta da kiɗan biki ba sa barin mutum ya ji shirun da ya zo nema.

A Al'ula abin ya ɗauki wata hanya. Tun da aka kafa hukumar masarauta mai kula da yankin a 2017, an karkata ne ga masu hannu da shuni, kuma abin da ake kira tanti a manyan masaukai irin su Habitas da Banyan Tree ɗaki ne na alfarma mai na'urar sanyaya iska, wanda kuɗin kwana ɗaya a lokacin sanyi zai iya cinye abin da ɗalibi ya tanada domin tafiyar gaba ɗaya. Akwai gidajen gona da ƙananan sansanoni masu sauƙin kuɗi, akwai kuma abin da Saudiyawa suke kira kashta, wato abokai su loda tanti da darduma da butar gahawa da itace a mota su kafa zangonsu da kansu a inda aka ba da izini. Ga mutum biyar da mota ɗaya wannan ita ce hanya mafi araha a duk zaɓin da ke gabansu, kuma tana da daɗinta, amma zaman ku ne ku kaɗai, babu mai masaukin da ya gaji wurin daga kakanninsa.

Yanayi bai raba su sosai ba. Daga Oktoba zuwa Afrilu ne lokacin zuwa duka biyun, da bazara zafi yana haura digiri 40, a Disamba da Janairu kuma sanyin dare a Wadi Ram yana kusan daskarar da ruwa, irin wanda hunturunmu bai kama ƙafarsa ba, don haka rigar sanyi mai nauyi da safa da hular sanyi wajibi ne. Petra tana da ƙarin haɗarin ambaliya idan aka yi ruwa a kan duwatsu, har a Nuwamban 2018 sai da aka kwashe dubban baƙi daga cikinta, kuma akan rufe ƙofa idan hasashen yanayi ya nuna haɗari, abin da zai iya rusa tafiyar da dama kwana biyu ce.

Da ni za a tambaya, ga abokan da ba su da komai sai Juma'a da Asabar, kuma suna cikin Saudiyya, Al'ula zan ce su je, bayan sun warware maganar Hijir a tsakaninsu, su yi kashta su raba kuɗin mai. Waɗanda kuwa abin da ya fi jan hankalinsu shi ne kwana a hannun Badawiyyai da yawo cikin kufai da ƙafa, kada su ɓata Petra da Wadi Ram a tafiyar gaggawa, su jira hutun da zai ba su kwana huɗu, su fara neman biza da wuri, su ba Petra yini guda cur tun daga buɗe ƙofa da sassafe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso daga Amman. Ko wanne aka zaɓa, a duba kalandar Hijira kafin a tsayar da rana: a tsakiyar wata hasken farin wata yana shafe yawancin taurari, don haka mai son ya kwanta a rairayi ya ga sama cike fal sai ya nemi ƙarshen makon da ya faɗo tsakanin 25 ga wata da 3 ga mai kamawa.